Dan Allah masana sauti, me ya sa farkon kiɗan nan ba ya jiyuwa a wayata?

Ɗan Birni:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina da tambaya ga waɗanda suka san harkar sauti da na'ura, ku yi haƙuri zan ɗan ja magana don sai na faɗi mafarin abin za ku gane.

Kawuna ƙanen inna, Allah ya jiƙanshi da rahama, ya yi karatun injiniya a Firag tun ana kiran ƙasar Cekoslobakiya, to bara bayan rasuwarshi da aka zo rabon kaya sai aka tarar da wani akwatin ƙarfe ƙarƙashin gado cike da manyan fayafai baƙaƙen nan irin na garmaho, ba wanda ya kula su, inna ta ce in ɗauka tunda ni ne mai yawan zama wurinshi. Na ƙirga guda 23 ne, kusan duka da tambarin kamfanin fayafai na Supraphon a jiki. Akwai wani da aka haɗa faifai biyu cikin kwali ɗaya an rubuta Smetana, Má vlast, Karel Ančerl, gefen kwalin duk ya cinye, da gani shi ya fi ɗauka. Ba ni da abin kunna su, sai na rubuta sunan a YouTube na samu, na kuma fahimci kashi na biyu mai suna Vltava shi ne wanda nake ji yana tashi daga ɗakinshi da dare muna yara ba mu san ko mene ne ba. Wallahi da na ji shi sai da hawaye suka zubo mini.

Matsalar ita ce, in na sa a waya ko a ƙaramin baful ɗina na Bluetooth, farkon kiɗan kusan ba ka jin komi, sai na ƙure murya sannan in ji wata ƴar sarewa can nesa, to in ka bar shi a haka can gaba sai ya ɓarke da ƙarfi har baful ɗin yana karkarwa kamar zai tsage, dole in rage, sai kuma ya sake yin ƙasa. Na sa a fada muna shan shayi abokaina suka ce ɗaukar ce ba ta da kyau, tsohon abu ne. Na kuma ga wani shafi suna saida irin waɗannan kaɗe-kaɗe an rubuta 24 bit 96 kHz, fayil ɗin ya haura giga ɗaya. Shin in na ƙona forfe na sauke wannan babban zai gyara abin? Kuma su fayafan kawu akwai yadda za a yi in ji su a nan Damagaram?

Mai Gyaran Rediyo:

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya jiƙan kawu ya sa ya huta. Kar ka sauke komi tukuna, riƙe forfe ɗinka.

Ɗaukar lafiyarta lau. Abin da ka gani haka aka so shi. Waƙoƙin da muka saba ji a waya da rediyo, kafin su fito sai an matse su a situdiyo, inda ya yi ƙasa a ɗaga, inda ya yi sama a danne, komi ya zo kai ɗaya don ya jiyu cikin kasuwa da cikin mota. Su masu ɗaukar kiɗan okestira, wato babbar ƙungiyar makaɗa, ba sa yin haka sai kaɗan, suna barin tazarar yadda take a zauren, sarewa ɗaya ta fito da ƙarfin sarewa ɗaya, mutum 80 in suka taso tare su fito da ƙarfin mutum 80. Kai kuma kana zaune a fada, ga kabu-kabu na wucewa, ga hira, ga janareto na maƙwabci, ina sarewar za ta samu wurin wucewa? Ƙarar wurin ta riga ta rufe ta. Ko fayil na giga goma ka sa a wannan baful a wannan wuri haka za ka ji.

Bari in ba ka lissafi ka gani da idonka. CD yana da 16 bit da 44.1 kHz, bit ɗin shi ke nuna tazarar da ke tsakanin shiru da ƙara, kHz kuma shi ke nuna iyakar siririn sautin da fayil ke iya ɗauka, minti ɗaya yana cin kamar mega 10 in ba a matse ba. FLAC yana rage shi zuwa wajen rabi kuma ba ya zubar da komi, kamar ka ninke riga ka sa a jaka ne, in ka warware tana nan yadda take. MP3 shi yankewa yake yana zubarwa, na 128 yana cin kamar mega 1 a minti, na 320 kamar mega 2 da rabi. Vltava wajen minti 12 ne, kenan a FLAC na CD ba zai wuce mega 60 zuwa 70 ba. Kunnen ɗan Adam kuma iyakarsa wajen 20 kHz, shi ma yaro ne, mu da muka manyanta mun yi ƙasa da haka nesa, kuma 44.1 ɗin nan an zaɓe shi ne don ya ɗauke duk abin da ke ƙasa da 22 kHz. To 96 ɗin wa zai ji? Ni dai a ganina kuɗin da za ka kashe can ka sayi ekutar mai waya, mai rufe kunne gaba ɗaya. Na ce mai waya saboda Bluetooth shi ma sake matse sautin yake kafin ya tura, duk kyan fayil ɗinka.

Kuma ka duba cikin saitin wayar ko manhajar da kake ji da ita, in akwai abin daidaita murya ko ƙarin bas a kunne, kashe su duka. Ka nemi wurin da kiɗan ya fi ƙarfi, wajen minti na 9 zuwa ƙarshe, ka saita murya a nan daidai yadda kunnenka zai ɗauka, sannan ka koma farko kar ka sake taɓawa.

Maganar fayafai, abu na farko fitar da su daga akwatin ƙarfen nan yau ɗin nan in yana ɗaki mai rufin kwano. Zafin watan 4 da na 5 namu da ke haura 40 yana lanƙwasa su, in faifai ya lanƙwashe kuma shikenan. A tsaye ake ajiye su kamar littattafai, ba a kwance ɗaya kan ɗaya ba, kar ka taɓa tsakiyar layukan da yatsa, kar ka goge da tsumma busasshe don ƙurar hunturu yashi ce, karce su za ta yi. Ina da tsohon abin juya faifai a shago mai gudun 33, bel ɗin ne ya saki kuma allurar ta ci, ba zan ɗora faifan kawu a kai ba sai na samu sabuwar allura, tsohuwar allura cin faifai take.

Mushe Mai Ritaya:

Ɗana, Allah ya gafarta wa kawunka. Malam mai gyara ya gama da ɓangaren na'ura, ni ba abin da zan ƙara a can. Amma ina so ka san abin da kake saurara, don in ka sani ba za ka ƙara cewa farkon ya yi ƙasa ba.

Vltava sunan kogi ne, shi ya ratsa tsakiyar Firag, tsawonshi wajen kilomita 430, Jamusawa suna ce mishi Moldau shi ya sa za ka ga wannan sunan a wasu fayafai. Má vlast kuma ma'anarta ƙasata ta haihuwa, kashi 6 ne, Smetana ya rubuta su tsakanin 1874 da 1879. Wannan ƴar sarewar da kake ji can nesa idon ruwa ne, inda kogin ya fara tsattsafowa cikin duwatsu. Kogin idanu biyu gare shi, akwai wanda suke kira mai ɗumi da wanda suke kira mai sanyi, shi ya sa in ka kasa kunne za ka ji sarewa ta fara sannan wata busa mai murya kauri ta shigo tana gangarowa ta wata hanyar, suna nannaɗe juna har su haɗu, sai masu goge su ɗauki babban amon nan da kowa ya sani. Ai kai ɗan Birni ne, ka san yadda ruwa ke fara zirara tsakanin duwatsun nan in an yi ruwan farko, siriri kamar zare ba ka jin ƙararshi sai ka matso, kafin ya kai ƙasa ya zama abin da yara ba sa iya tsallakewa. To ta yaya mutum zai fara labarin kogi da ƙara?

Daga nan kogin ya shiga daji sai ka ji ƙahonni, mafarauta ne. Ya wuce wani ƙauye ana biki, sai kiɗan ya koma na rawa irin tasu ta polka. Dare ya yi, farin wata a kan ruwa, a nan ne goge ke yin ƙasa sosai kamar numfashi, ni a wurina nan ne ake gane ɗauka mai kyau da ekutar mai kyau, ba wurin ƙara ba. Sai kuma ya faɗa wani wuri mai duwatsu da ruwa ke tafasa, wurin da baful ɗinka ke karkarwa kenan, ya fito ya yi faɗi ya shiga Firag, ya wuce ƙarƙashin tsohuwar ganuwar Vyšehrad, ya tafi ya ɓace har ya zuba cikin kogin Labe.

Abin da ke taɓa ni kullum shi ne Smetana bai taɓa jin wannan kiɗa da kunnenshi ba. A watan 10 na 1874 ya kurumce gaba ɗaya, kuma Vltava ya rubuta shi ne daga ƙarshen watan 11 zuwa farkon watan 12 na wannan shekarar, cikin ƙasa da sati uku. Duk sarewar nan da ƙahon nan cikin kanshi ya ji su. Ya rasu ran 12 ga watan 5 na 1884, shi ya sa babban bikin kiɗa na bazara da ake yi a Firag tun 1946 ake buɗe shi ran 12 ga watan 5 da wannan kiɗa.

Faifan da ke hannunka ba ƙaramin abu ba ne. Karel Ančerl ya jagoranci babbar okestirar ƙasar daga 1950 zuwa 1968, kuma wannan ɗaukar ta 1963 ce a zauren Rudolfinum. Mutumin Bayahude ne, lokacin yaƙin duniya na biyu ƴan Nazi sun tsare shi a sansanin Terezin sannan aka kai shi na Auschwitz, matarshi da ɗanshi can suka mutu shi ya fito da rai. Bayan tankokin Tarayyar Sobiyet sun shiga ƙasar a 1968 ya bar ta ya koma Kanada, can ya rasu a 1973. In mutum irin wannan ya ɗaga sanda ya ce a kaɗa ƙasata, ni ba na iya saurara ina wani aiki.

In ka samu dama kuma ka nemi ta Rafael Kubelík ta 1990. Shi ya bar ƙasar a 1948 da ƴan kwaminis suka karɓi mulki, ya ƙi komawa shekara 42, har ya aje aiki saboda ciwon gaɓoɓi, da mulkin ya faɗi a ƙarshen 1989 sai ya dawo ya buɗe bikin da Má vlast. A gaban jama'a aka ɗauka, Supraphon ta fitar, akwai bidiyon ma. Ta wajen tsabtar sauti akwai waɗanda suka fi ta, amma ni ita nake komawa. Mu da muke garin da mata ke tashi tun asuba neman ruwa da jarka, jin mutane sun yi wa koginsu kiɗa irin wannan yana sa ni wani tunani daban.

Ƴar Zango:

Sannunku. Baba Mushe mun gode, wallahi ban san labarin Ančerl ba sai yau.

Ni aikin ɗaukar sauti nake a wani gidan rediyo, kuma ina so in ɗan saɓa da Malam mai gyara a wuri ɗaya, ya yi haƙuri. Gaskiya ne wajen saurare CD ya ishi kowa, 16 bit yana ba da tazara wajen desibel 96 tsakanin shiru da ƙarshen ƙara, ba ɗakin da ke garin nan da ya yi shirun da za ka cinye wannan tazarar. Amma kar a ɗauka 24 bit ɗin yaudara ce kawai. Wajen ɗauka ne take da amfani, kuma ni na gani da hannuna. Wata sallah na je ɗaukar hawa a ƙofar fadar Sarki, na saita na'ura daidai muryar maroƙi da algaita, komi lafiya, ana busa kakaki sai allurar ta buge ja, sautin ya fashe, kuma abin da ya fashe wajen ɗauka ba mai gyara shi. Da 24 bit sai ka saita ƙasa sosai ka bar wa kakaki da tambari fili, daga baya ka ɗago abin da ya yi ƙasa ba tare da shuuu ɗin nan ya biyo ba. To haka masu ɗaukar okestira suke, don su ma ba su da damar cewa a sake in mutum 80 sun riga sun buga.

Abin da na koya shi ne lambobin nan su ne ƙarshen abin dubawa. Farko zauren, sannan inda aka kafa makirfo, sannan kunnen wanda ya zauna ya haɗa. Shi Kubelík ɗin da Baba ya ambata, a 1952 ya ɗauki Má vlast ɗin nan da okestirar Shikago wa kamfanin Mercury, da makirfo ɗaya tak aka rataye sama da makaɗan, ko sitiriyo babu, kuma har yau masu harkar sauti suna maganar ɗaukar. Kamfanin Decca kuma su suka fito da tsarin makirfo uku a kan sanda sama da kan mai jagora, hagu da dama da tsakiya, har yanzu ana amfani da shi. Shi ya sa in ka sa ekutar mai kyau za ka iya nuna da yatsa, goge ƙanana na hagu, manyan masu kauri na dama, masu busa a tsakiya can baya. Baful ɗinka guda ɗaya ne, duk ya tattara su ya cusa a rami ɗaya, ko wannan kaɗai ya rage maka rabin abin.

Wani abu kuma, in fayil ɗin 24 bit da ka gani na ɗaukar 1963 ne, ka tuna a kan tef aka ɗauke ta, tef ɗin ma bai kai tazarar CD ba. Gyaran da aka yi wa tef ɗin wajen juyawa shi ne zai sa ka ji bambanci in akwai. In sabuwar ɗauka kake so wadda aka yi da kayan zamani tun daga tushe, okestirar da ke kan faifan kawu ta sake ɗaukar Má vlast da mai jagora Semyon Bychkov, kamfanin Pentatone ya fitar a 2024, shekara 200 da haihuwar Smetana. Ita ma nau'in CD ɗinta ya ishe ka.

Duba cikin fayafan kawu ko akwai Janáček, Sinfonietta, ta 1926. Da masu busa ƙarfe 25 ake yin ta, farkonta kakaki ne zalla da tambura. Ranar da na fara ji sai da tsigar jikina ta tashi don ƙofar fada na tuna. Abin da ke ci mini rai kenan, su sun adana nasu da kyau tun shekaru 60, 70 da suka wuce, mu kuwa namu masu algaita da kakakin fada tsofaffi suna tafiya ɗaya bayan ɗaya kuma yawancin abin da muke da shi bidiyon waya ne mai iska a ciki.

Mai Gyaran Rediyo:

Ba saɓani Hajiya, kin fi ni gaskiya a nan, ni ta wajen mai saurare na yi magana. Ƙari ɗaya, Ɗan Birni in wani zai turo maka fayil ta WhatsApp ka ce ya turo a matsayin dokima, ko ku haɗu ya zuba maka a kat memwar, don ya iso yadda yake. Kuma kar ka ɗauko daga bidiyo ka juya zuwa FLAC ka ce ka samu mai kyau, abin da aka zubar ba ya dawowa.

Abban Sabon Gari:

Ni ban san bit da kHz ba amma dan Allah duba ko akwai Dvorak lamba 9 a akwatin, wadda ake ce wa ta Sabuwar Duniya. Kashi na biyu akwai wata busa mai taushi, dangin algaita ce don ita ma bakinta tsinke biyu ne sai dai ba ta da tsawa irin tamu, amon nata a kan sauti biyar yake tafiya kamar yawancin waƙoƙinmu na gargajiya, tsohuwata da ta ji cewa ta yi wannan ai kamar waƙar daka ce aka ja ta a hankali. A Amurka ya rubuta ta, an fara kaɗa ta a zauren Carnegie Hall na New York a watan 12 na 1893, lokacin yana shugabantar wata makarantar kiɗa a can, kuma wani ɗalibi baƙar fata Harry Burleigh ya riƙa rera mishi waƙoƙin kakanninshi na zamanin bauta. Ɗan mahauci ne fa Dvorak ɗin, daga wani ƙauye a bakin wannan kogin na Vltava. Shi ne ma ya jagoranci wasan farko na okestirar da ke kan faifanka a 1896, a wannan zaure na Rudolfinum.

Ɗan Birni:

Na gode ƙwarai Baba Mushe, Malam, Anti, Yaya Abba, Allah ya saka da alheri. Na dawo in ba ku labari.

Fayafan na fitar da su tun ranar, suna tsaye a ɗakin inna na ƙasa mai sanyi, guda biyu sun ɗan lanƙwashe sauran lafiya. Akwai Dvorak lamba 9, shi ma Ančerl ne a jiki, Janáček ne ban gani ba. Ban sayi babban fayil ɗin ba. Wani abokin yayana da ke Yamai ya saya mini na CD ya turo a dokima, ni kuma na ari ekutar mai waya wajen wani mai haɗa bidiyon biki.

Jiya wajen ƙarfe 2 na dare aka ɗauke kuran, fanka ta tsaya, unguwa ta yi tsit ko kare ba ya haushi, sai na fito tsakar gida na shimfiɗa tabarma na saita murya yadda Malam ya ce ban sake taɓawa ba. Sarewar tana nan fes, ba nesa take ba ashe, har da wani ɗan tsinke-tsinken tsirkiya a bayanta kamar ɗigon ruwa wanda ban taɓa sanin yana ciki ba, kuma na ji lokacin da busa ta biyun ta shigo kamar yadda Baba ya faɗa. Wurin farin watan na ji har jan gashin goge a kan tsirkiya. Da ya zo wurin duwatsun bai fashe ba, faɗi kawai ya yi. Sau uku na maimaita, sai na tuna kawu ma sai gari ya yi shiru yake kunnawa, muna cewa ko don kar ya dami mutane ne.

Malam mai gyara, nawa ne allurar kuma a ina ake samu, Kano ko sai Yamai? In ka ba ni lambar da ke jikinta zan sa direban da ke zuwa Kano ran laraba ya duba. Inna ta ce in an gyara a kawo abin gida, tana so ta ji daga faifan ƙanenta da kanshi. Anti kuma in kin shirya zuwa ɗaukar masu algaitar nan ki kira ni, ko riƙe sandar makirfo ne zan yi.